Langa Biyu da Sitirin Biyu

Da sunan Allah. Assalamu alaikum.

Zuwa ga autata Sa'adatu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya. Allah Ya tsare hanya daga nan Balan zuwa Gaya, daga Gaya zuwa Kano, daga Kano har Kaduna, Ya sauke ki gidan yayarki Hauwa da ƙafafunki. Ki gaishe ta, ki gaida mijinta da yara. Na cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don kar ki gan ta sai kin isa.

Da hannuna na rubuta, kwana huɗu ina yi. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don mai rubuta wa mutum sai ya sassauta masa magana, ni kuwa ba sassauci nake nema ba. Labarin gida ba zan ba ki ba, yanzu kika baro shi.

Ran Laraba ina bayan ɗaki ina shanya, na ji ki a waya da Hauwa. Kika ce, "Yaya, ai aikin nan gwajin wata uku ne. In na ga ba zan iya ba, ba sai sun kore ni ba, zan tattaro kayana in dawo in buɗe shagon cajin waya a Gaya." Na ji da kunnena. Ban tanka ba, don in na tanka a lokacin faɗa zan yi, ke kuma kuka za ki yi, a tashi ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Na san abin da ya sa miki tsoron nan. Bara ne da kika je intabiyu Kano. Kin gama karatun kwamfutarki, kin tafi da farin hijabi kina ta murna, kika dawo da la'asar ba ki ko kalli tuwo ba. Kwana uku kina kwance kin juya wa ƙofa baya. A na huɗu na markaɗo gyaɗa na ce ki taso ki riƙe mini turmi in matse mai. Ina juyawa na ce, "Meye abin da ya kayar da ke?"

Kika ce, "Inna, ba za ki gane ba."

Na ce, "In ban gane ba, ke ce ba ki iya ba. Faɗa mini."

Kika ce sun tambaye ki hanyoyin da ake yin sitirin a yaren kwamfutar da kika koya. Na ce meye shi. Kika ce haruffa ne da aka jera suka zama suna ko magana, kwamfuta ta riƙe su abu guda, kamar a rubuta Gaya, ko sunan wani manomi. Kika ce hanyoyin kin zubo musu su tas, don kin haddace. Sai ɗaya daga cikinsu ya rubuta Gaya sau biyu, ɗaya haka kawai, ɗaya kuma ya sa masa kalmar nan da ke nufin sabo a gabansa, ya ce abu ɗaya ne ko biyu? Kika ce ɗaya ne, ai ga su nan iri ɗaya. Ya ce sun gode, za su neme ki. Ba su neme ki ba.

Ranar a bakin turmi na sa kika yi mini su ɗaya bayan ɗaya. Ke kin ɗauka lallashinki nake yi. Ni kuwa kina magana ina ganin wautar da na tafka a rayuwata tana wucewa ta gabana. Ita zan faɗa miki, don ban taɓa faɗa miki ba.

Kin ce hanyar da aka fi yi ita ce ka rubuta kalmar kawai tsakanin 'yan alamomin nan da ake sa wa magana. Kwamfuta tana da wani wuri kamar rumbu. In ka rubuta Gaya sai ta leƙa, in akwai Gaya a ciki ba za ta yi wani ba, wancan ɗin za ta nuna maka. Ko mutum goma suka rubuta, guda ɗaya duk suke riƙe da shi.

Na tsayar da muciya na ce, "To in ɗaya daga cikin goman ya taɓa shi fa? Bai ɓata wa sauran ba?"

Kika shiga ɗaki kika buɗe littafi, kika fito kina cewa, "Inna, ba ya taɓuwa. In an yi shi an yi shi. Ko ka ce a ƙara masa harafi, wani daban za a yi maka, na farkon yana nan yadda yake. Shi ya sa ake iya tarayya a kansa."

Wanda ya shirya abin nan haka ya fi ni hankali. Shekarar da babanku ya rasu, ina fita takaba baffanku Isa ya zo ya ce rumbu biyu wahala ce, a haɗa iri wuri ɗaya shi zai kula. Irin gyaɗarmu babanku ne ya yi shekaru yana zaɓensa, ja ce mai saurin nuna. Ta Isa fara ce mai daɗewa a ƙasa. Raina bai so ba, amma na ji kunyar a ce daga mutuwar miji na fara raba kaya da danginsa. Na ce to. Shi kuma ba mugunta ya yi ba, buhu ya yage, ya juye su wuri guda, ya ce gyaɗa ai gyaɗa ce. Da damina muka shuka. Lokacin cira ya zo, rabi ta nuna rabi ba ta ƙosa ba. In na cire, rabi ruwa ne. Na ce bari in jira, ai kuwa jar ta fara tsirowa a cikin ƙasa. Irin babanku a nan ya ƙare, har yau ban sake samun kamarsa ba.

To ki ji. Abin da ba ya canzawa, ki yi tarayya da kowa a kansa. Abin da kika sani na karatu in wani ya tambaye ki ki ba shi, ba zai rage miki ba. Amma aikin da hannu zai iya sauyawa, in an ce ku da yawa ne a kansa, ki tambaya wa ke da ikon taɓawa. In za ki gwada wani abu, ki kwafi naki gefe ki yi gwajinki a can. In kuma aka zo za a taɓa naki ba ki yarda ba, ki buɗe baki ki ce a'a tun ranar. Kunyar da na ji ta yini ɗaya ce, asarar kuwa ga ta har yanzu.

Sai hanyar da ta kayar da ke, ta sabo. Kin ce in ka sa kalmar nan a gaba, ko da akwai irinsa a rumbun, dole kwamfuta ta ƙera maka wani naka na kanka, a wani wurin daban. Haruffa iri ɗaya, amma abu biyu ne. Kina faɗa kina haɗe rai, wai ta yaya za a ce Gaya da Gaya ba ɗaya ba ne. Ni ko gardama ban yi ba, don na san wannan tun kina goye.

Kin san Ya Falmata maƙwabciyarmu, wadda kike kai wa fura. Ita ta karɓi haihuwarki, ita ta yi mini wankan jego. Abin da ba ki sani ba, mun yi damina huɗu ba ma ga maciji, kuma ni ce da laifi.

An yi suna a ƙasan layi, kowace mace ta kai abinci a langarta yadda aka saba. Kin san langa a kasuwar Gaya ake sayowa, ɗan kasuwa ɗaya, kaya iri ɗaya, shi ya sa kowace mace take sa wa tata alama a ƙasa. Tawa ɗigo uku ne na jan fenti. Aka watse, kwanuka suka dawo, tawa ba ta dawo ba. Bayan mako na shiga gidan Ya Falmata aron rariya, mata na zaune ana ɓarar gyaɗa, sai ga langata a gindin murhu. Fara, bakinta kore, jan fure a murfi, har ɗan ƙwarzanen da ke gefe. Na sunkuya na ɗauka na ce, "Ashe nan ta kwana."

Ya Falmata ta ce, "Ladi, kifa ta ki duba."

Na ce, "Ni za a koya wa kayana? Ko a duhu na san ta."

Ta ce, "Ki dai kifa."

Na ce, "Wanda ya iya ɗauka ai ya iya sa alama." A gaban mata na faɗi haka. Ta dube ni, ta ci gaba da ɓararta.

Na zo gida na kifa. Layi biyu ne na shuɗin fenti, tsoho, har ya fara gogewa. Tata ce. Nan ne na yi babbar wautar. Maimakon in juya a take in mayar, sai na tura ta ƙarƙashin gado na ce gobe. Gobe ta zama jibi. Bayan wata guda tawa ta dawo daga Ajingi, ashe wata 'yar'uwar mai jego ce ta tafi da tuwo a ciki. Na zama ina da langa biyu iri ɗaya, ba na iya cin abinci a ko ɗaya. In na hango Ya Falmata a rijiya sai in canza hanya. Ita ba ta taɓa aiko a karɓa ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba, ta bar ni da abina.

Sai da ciwon ƙafa ya kwantar da ita na ga in ta mutu na shiga uku. Na ɗauki langar na shiga na ajiye a gabanta na ce, "Taki ce. Tun ranar na sani."

Ta buɗe murfin ta leƙa ta ce, "Shekara huɗu, Ladi, ko ɗan dambu ba ki zubo a ciki ba? Kanawa da rowa."

Na ce, "Barebari da riƙo."

Ta ce, "Zauna ki matsa mini ƙafar nan."

To mai intabiyun nan na Kano cewa ya yi ki kifa langa, ke kuma kika tsaya kallon fure. Ke da bakinki kika gaya mini daga baya cewa tambayar iri biyu ce a wurin kwamfuta. In ka sa alamar daidai guda biyu, tambayarta kake yi ko langar guda ce. In kuwa ka kira wata kalma da aka tanada don gwadawa, ita buɗewa take yi ta duba ko abincin ciki iri ɗaya ne. Kika ce wanda ya rikita su zai iya sa a nemi sunan mutum a ce babu shi, alhali yana nan a rubuce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya taho tun daga ƙauye a ce masa sunansa bai fito ba, saboda wata yarinya a Kaduna ba ta kifa langa ba.

Saboda haka in an tambaye ki abu, kar ki yi saurin amsawa don a ce kina da kai. Ki ce, wanne kake nufi, abin ne guda ko cikinsa ne iri ɗaya? Tambaya ba ta rage wa mutum daraja. In kuma kin yi kuskure kin gano, a ranar za ki je wurin shugabanku ki ce ni na yi, ga inda na ɓata. Kar ki tura shi ƙarƙashin gado. Na gwada, ba ya narkewa a can.

Kin kuma ce yawanci ba a buƙatar sabon ma, cika wuri ne kawai, sai in da dalili. Wannan ba sai na yi miki dogon bayani ba. Kin ga ɗakina, ban taɓa sayen abin da nake da shi ba.

Akwai wadda kika ce ana amfani da ita in maganar doguwa ce ana ta ƙara mata. Tunda sitirin ba ya taɓuwa, in ka ce kullum sai ka ƙara harafi a yi maka sabo, ka tara tarkace. Sai a ɗauko wani abu mai laushi, a yi ta zubawa ana ragewa ana gyarawa, in ya yi yadda ake so sannan a ce ya zama sitirin. Kika kira shi magini. Na ce, "Wane magini, tunkuza dai." Kika yi dariya, dariyarki ta farko tun dawowarki daga Kano.

Ina amarya, farkon kawo ni Balan daga Ajingi, kakarku ta ba ni gyaɗa tiya biyar ta ce in yi ƙuli. Ta ce, "Kin iya?" Na ce na iya. Ban iya ba, a gidanmu saye muke yi. Na leƙa yadda ake yi na kwaikwaya, mai ya fita, na mulmula na soya, ya yi ja gwanin kyau. Gishiri ne ban sa ba. Da na ɗanɗana na ji salam, sai na jiƙa gishiri na yayyafa a kai na rufe a tukunya. Kwana biyu ya yi laushi ya yi funfuna, ko awaki sai da suka shinshina suka wuce. Kakarku ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Da kin ce ba ki iya ba, da na zauna kusa da ke. Tun yana tunkuza ake sa masa gishiri."

Wata ukun nan da kike tsoro, lokacin tunkuzarki ne. Sun san sabuwa ce ke, ba wanda zai yi mamaki in kin ce a sake nuna miki. Yanzu ne za ki yi tambaya har su gaji da ke. In kika yi ta gyaɗa kai kina cewa kin gane, ranar da aka ba ki aiki ke kaɗai ba mai zama kusa da ke. Wannan gyaɗa kan a wurina kika gado shi, na sani, shi ya sa nake ganinsa tun kafin ki yi.

Saura wadda ta fi yi mini ciwo. Kin ce ana iya ba kwamfuta haruffa ɗai-ɗai a jere, ga wannan ga wannan, ita ta haɗa su su zama kalma. Kin faɗe ta a gurguje kamar ba komai ba ce. Ni haka nake rubutu har yau, haka na rubuta takardar nan.

Hauwa tana goye aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a garin nan, babanku ya ce in je. Na yi mako uku. Wata rana malama ta ce in fito in rubuta sunana a allo. Haruffa huɗu ne kacal. Na juya na uku ya kalli baya. Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce Ladi ta zama Labi. Malama ta ce in goge in sake. Na ce na bar tukunya a wuta. Na fita ban koma ba. Da babanku ya tambaya na ce karatu ba nawa ba ne, gara in kama sana'ar mai, ita na iya. Ki karanta maganar nan sau biyu, ki gaya mini bambancinta da shagon cajin waya.

Ba wanda ya kore ni, ni na kori kaina. Bayan shekara biyu babanku ya tafi cin rani kudu, ya aiko mini takarda. Ita ce ta farko. Na kai wa mai shagon bakin kasuwa ya karanta mini, don ba ni da yadda zan yi. Ashe akwai maganar da miji ke yi wa matarsa a ciki. Ya karanta da ƙarfi yana kashe murya, mazan da ke zaune a benci suna ta dariya. Labari ya kai wa babanku. Ya ƙara tafiya cin rani sau shida bayan nan, bai sake rubuto mini ko layi ɗaya ba, sai dai saƙon baki, a gaida mutan gida.

Sai bayan ya rasu na koma aji, da furfurata, ina zaune da 'ya'yan waɗanda suka yi mini dariya. Aka sake yi mini dariyar, na zauna. Da na fara haɗa baƙi na je na nemo takardar nan a ƙasan akwati, na ga gara ta cinye ta. Har yau abin da na sani na cikinta da muryar mai shago na san shi.

Ba don ki ji tausayina na faɗa miki ba, ba na so. Na faɗa ne don ki san kuɗin dariyar mutane bai kai abin da ake bari a gudu ba. Ke kin faɗi sau ɗaya, kin tashi kin sake zama da littafi wata da watanni, waɗannan na Kaduna suka gwada ki suka ce ki zo. Ba alfarma aka yi miki ba, ba mu da kowa a can.

Kar kuma ki fake da ni. Na ji kina gaya wa Hauwa wai wa zai kula da Inna. Ina cin tuwona, ina zuwa gonata, Ya Falmata tana jin tarina ta katanga. Ranar da na kasa zan aiko, ba na ɓoye ciwo.

Ga abin da na yanke. Ranar da za ki tafi, kafin motarku ta wuce Wudil, zan sa a naɗe katifarki a ɗora a kan rumfa. Wake da geron bana a ɗakinki za a jibge su, har bakin ƙofa, in sa kwaɗo. In kin yi iya yinki, kin yi tambaya, kin faɗi kuskurenki, suka dube ki da bakinsu suka ce ki tafi, ki taho kanki a sama, ni da kaina zan janye buhunan in share miki ɗaki, ba kuma wanda zai yi miki gori ina raye. In kuwa ke kika sallami kanki, to ki sani babu wurin kwana a gidan nan sai ɗakin girki, kuma yana yoyo.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki taya Hauwa aiki, gidan mutane ne. Ki ci abinci kafin ki fita. In za ki kira ni ki kira ran Juma'a bayan an sauko, kuma abin da kika koya a makon nake so in ji, ba kuka ba.

Allah Ya tsare ki a hanya da wurin aiki, Ya raba ki da mugun abokin zama, Ya buɗe miki kai, Ya ba ki bakin tambaya. Allah Ya jiƙan babanku. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa in gan ki da Salla, da hutun da suka ba ki.

Wassalam.

Ni ce uwarki,
Ladi, Balan.